Wasiƙun da Na Ɓoye wa Yayana

Shekara huɗu na yi ina karanta wa yayana wasiƙunsa, kuma a cikin shekarun nan akwai wata tara da na yi ina yi masa ƙarya kowace safiya. Na faɗi wannan tun da fari don kada wani ya karanta ya ɗauka ni ce baiwar Allah a labarin.

Yayan nawa masanin gero ne. In ka faɗi haka a Magarya dariya za a yi maka, don a nan kowa masanin gero ne. Amma shi ya fi shekara talatin a Yamai yana binciken iri, ya je ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, kuma irin da ya fitar ana shuka shi a gonakin da bai taɓa takawa ba. A gari Farfesa ake ce masa. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma yana ce mini Auta, ko da yake na ba hamsin baya.

Da ya ajiye aiki sai ya dawo gida. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata biyu ne, babbar tana aure a Yamai, ƙaramar tana karatu kuma shi ke biya mata. Ni ma a lokacin na gama takaba a Dungas, ina zaune ba aikin fari ba na baƙi. Ya aiko a ɗauko ni, wai in zo in riƙe masa gida. Ranar da na iso na same shi a rumfa ya manna takarda a kan hancinsa yana juya ta neman haske, sai na gane ba tuwo ya kira ni in tuƙa ba. Idonsa ne ya fara tafiya, kuma ni kaɗai ce a cikin 'yan uwa na yi lakwal, wato makarantar boko, har koleji.

Aikinmu yakan fara da an sha koko. Yana da doka guda da ba ya ɗagawa: wasiƙa ba ta kwana biyu a gidansa ba a amsa ta ba. Sai in shimfiɗa masa tabarma, in jawo ɗan tebur, in kunna ordinatar, wato kwamfuta, in akwai kuran na lantarki. Ta nan wasiƙun manya suke zuwa. Wani ɗalibi ya aiko aikinsa shafi ɗari biyu a duba masa. Wasu masu mujalla suna son ya karanta binciken wani ya faɗi ra'ayinsa. Wasu suna gayyatarsa taro. Faransanci ina karantawa ba laifi, Ingilishi kuwa sai dai in bi shi harafi harafi, shi yana gyara mini baki yana dariya. Kullum tambayata ɗaya ce in na gama.

"Yaya, nawa za su biya?"

"Auta, ba a biyan wannan."

"To me ake biya a aikin naku?"

Sai ya rufe ido ya fara shifta, ni kuma ina dannawa da yatsa biyu ina tsaki.

Kashi na biyu na wasiƙun ba ta ordinatar yake zuwa ba. Direbobin kasuwa ke kawo su, daga Guci inda aka haife mu, daga Dan Ciyawo, daga Kwaya da ƙauyukan da ke bayansu. Takardar kaye ce, wato littafin rubutu, aka yage, wani an rubuta da boko, wani da ajami, wani da Faransancin ɗan firamare. Kowace kuwa tana zuwa da ɗan ƙullin gero a tsumma ko a leda, an ɗaure shi da zare a jikin ambulaf. Shi ya sa har yau da kowa ke da waya a aljihu ba su daina rubutowa ba, don waya ba ta ɗaukar gero.

Dalilin ƙullin nan sai na koma baya kaɗan. Mahaifinmu yana da wani gero da ya gada. Gajere ne, zangarniyarsa na da gashi har tsuntsu ba ya son sauka a kanta, ƙwayarsa baƙi-baƙi, kuma yana nuna tun na mutane bai gama fitar da kai ba. A gidanmu ba shi da suna sai geron Baba. Shekarar da yayana ya ci jarrabawar shiga koleji a Damagaram, damina ta yi gardama, ba abin sayarwa a gida. Baba ya sauko da dammunan irin da ya rataye, ya kai kasuwar Guci, ya sayo masa akwati da tufafi da kuɗin mota. Ya yi niyyar ya nemi iri wurin maƙwabta in shuka ta zo, amma shekarar da ta biyo ta fi wannan muni, kowa ya cinye nasa. Daga nan geron ya ɓace. Yayana ya yi rayuwarsa yana nemansa. Da daɗewa ya taɓa yin magana a rediyo cewa duk mai tsohon iri ya aiko masa, zai ba da tukuici. Mutanenmu kuwa ba su da mantuwa a irin wannan. Sai ya zama al'ada, duk wanda zai roƙi Farfesa wani abu, sai ya fara ɗaura masa gero.

Ni nake kwance ƙullin in zuba masa a tafin hannu. Ya murza da yatsa, ya shinshina, ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori.

"Wannan na kasuwa ne," in ji shi. Wani lokaci ma ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai nawa ne, ni na fitar da shi." Sannan ya ce, "Karanta mu ji."

Gaisuwa rabin shafi, sai ga ɗan iri nan a duba, sai kuma ainihin magana. San noma ya mutu. Ɗaki ya rufta. An kwantar da mai ɗaki. Ana suna ranar Lahadi. Taki ya yi tsada. Shi kuwa bai iya cewa babu ba. "A sa masa jaka biyar." "A sa mata jaka goma." Shi da faran na sefa yake lissafi irin na ofis, ni da dala irin na kasuwa, amma ko da wanne aka ƙirga, kuɗin tsufan da gwamnati ke ba shi ba ya kai mu ƙarshen wata. Ni ke riƙe da kayen da ake rubuta shiga da fita, shi ya ja mini layukan da hannunsa: cefane, karatun yarinya, magani, gona, sai layi na ƙarshe da ya sa wa suna "mutanen gida". Wannan layin ya fi sauran duka tsawo. In na yi magana sai ya ce, "Auta, da irin shukar gidanmu aka kai ni lakwal. Duk wanda ya kwana da yunwa a shekarar nan yana da rabo a albashina." In ce masa waɗannan masu rubutowar rabinsu ba a haife su ba a shekarar. Ya ce iyayensu fa?

A shekara ta uku, da kaka, na matsa masa muka je wurin likitan ido a Damagaram. Likitan ya haska, ya sake haskawa, ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, kuma da yake akwai ciwon sukari ba aikin da za a yi a ko'ina ba ne, sai Yamai. Ya ce kada a bari shekara ta zagayo, don in abin ya taɓa can ciki, ko an cire yanar ba lallai gani ya dawo ba. Na tambayi kuɗi. Da aiki da magani da mota da zama, abin ya doshi jaka ɗari bakwai. A cikin mota muna dawowa na ce a gaya wa 'yarsa ta Yamai. Ya ce in na gaya mata bai yafe ba, mijinta ƙaramin ma'aikaci ne. Na ce a rubuta wa abokansa na waje, tunda sun iya aiko masa aiki kyauta. Ya ce shi bai taɓa roƙo ba. Na ce to a rufe layin mutanen gida na wata tara. Sai da muka wuce ƙauye biyu sannan ya ce, "Allah zai kawo."

Washegari aka kawo wasiƙa huɗu, ya raba jaka ashirin da biyar kafin hantsi. Na rubuta a kaye cike da haushi. Ranar na yanke shawarata, ban yi shawara da kowa ba.

Na je tasha na sami direbobin ɗaya bayan ɗaya, na ce daga yau saƙon Farfesa a hannuna za a ba ni, kada a kai gida. Wayarsa dama tana wurina tunda ba ya ganin lamba, duk wanda ya kira sai in ce yana hutawa. Wanda ya tako da ƙafarsa in tare shi a zaure, in ba shi fura, in sa masa dala ɗari ta mota, in raka shi har bakin hanya ina ba shi haƙuri da ƙaramar murya. Ba a yi wata biyu ba sunana ya zaga ƙauyuka. Na ji da kunnena a kasuwa wata tana cewa ai Farfesa mutumin kirki ne, ƙanwar nan tasa ce ta zo ta zauna a bakin aljihunsa. Na juya na dube ta, na sayi daddawata na wuce.

Da farko ina karanta kowace wasiƙa in zaɓi biyu ko uku marasa nauyi in kai masa, sauran in jefa a akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona. Amma karatun ya hana ni sakat. In na karanta cewa yaron wani na kwance, sai in wuni tuwo ba ya wuce mini. Ni ma fa 'yar Guci ce, na san gidajen, na san wasu ba ƙarya suke yi ba. Da sanyi ya wuce sai na daina buɗewa gaba ɗaya. In ɗauki biyu na sama ko na wane ne, sauran akwati. Ƙullin geron ne ya zame mini matsala, don ɓera ya fara zagaya akwatin, yayana kuwa tun da ido ya tafi kunnensa ya ƙara kaifi. Sai na riƙa tsinke zaren ina kwance su ina watsa wa kaji a bayan madafa. Shekara uku ina ji yana cewa na kasuwa ne, ban ga abin ajiya a ciki ba. Kajin gidan nan ba su taɓa ƙiba irin ta wannan shekarar ba.

Kuɗin da ya kamata ya fita sai in cire in kai wurin wata aminiyata mai sayar da atamfa ta ajiye mini. A kaye kuwa gaskiya nake rubutawa, don na san ba ya gani, kuma hannuna bai yarda ya yi ƙarya a rubuce ba.

Shi kuma ya kasa zama. Da mun gama na ordinatar sai ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa.

"Yau ba mutanen gida?"

"Guda biyu ne, Yaya."

"Jiya kasuwar Guci ta ci fa."

"To, bana an samu albarka, kowa ya wadata."

"Bana? Auta, ni zan gaya miki abin da aka samu bana."

Sai ya tashi ya kama zagaya tsakar gida da sandarsa, daga rumfa zuwa bakin zaure, daga zaure zuwa gindin dalbejiya. In ya ji ƙarar moto ta tsaya a waje sai ya tsaya cak. Wata rana ya ce mini, "Ko dai sun ji na makance ne suka ɗauke ni a matacce?" Wannan maganar ta soke ni har na shiga madafa na yi kuka, na fito na ce hayaƙi ne. Na so in gaya masa a ranar. Amma na je na ƙirga abin da ke wurin mai atamfa, jaka ɗari uku da 'yan kai, ko rabi ba a kai ba, sai na haɗiye.

Haka muka ci rani, muka ci bazara, shi yana zagaye ni ina zagaye. Na sayar da awakina biyu da ke Dungas da 'yan kunnen aurena na cika. Ruwa ya sauka an yi shuka, gero ya kai gwiwa, sannan na zauna a gabansa na ce kuɗin aiki sun haɗu. Ya tambaye ni daga ina. Na ce adashi na ci, da awaki. Ya daɗe yana fuskantata da idanun nan farare, sannan ya ce, "Allah ya saka miki." Ban iya cewa amin da ƙarfi ba.

Tafiyar Yamai doguwa ce, ba zan ba da labarinta ba. An yi ido ɗaya, bayan kwanaki aka yi ɗayan. Ranar da aka cire masa auduga ina tsaye a gabansa. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya dube ni tun daga ɗankwali har silifa, ya ce, "Auta, ashe kin tsufa." Na ce shi ma ya nemi madubi. Muka yi dariya har likita ya ce a yi hankali da ɗinki. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ranar ba, kuma ko yanzu ban janye ba.

Ga inda laifina yake, wanda ba ni da abin kare shi. Mun dawo Magarya, kuɗi sun gama aikinsu, babu sauran dalilin ɓoyo. Likita ya ce kada ya yi karatu sai bayan sati shida, amma ai ni ba a hana ni ba. Da na jawo akwatin nan a ranar da muka sauka na karanta masa. Tsoro ne kawai ya hana ni. Kullum sai in ce gobe. Shi yana yawo a gari yana kallon komai kamar baƙo, yana gaishe da mutane da sunansu tun daga nesa, ni kuwa ina kwana a kan akwati ina juyi. Sati shida cur na ƙara.

Ranar da suka cika, ya sa sabon tabarau bayan koko, bai ce a kunna ordinatar ba. Ya ce in ba shi kaye. Ya fara daga shafin farko yana bin layi da yatsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karanta lambobi, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ya zo kakar bara ya ga layin mutanen gida ya tsuke, ya juya shafi, ya sake juyawa. Ni ina zaune ina tsinkar zogale, ganye ɗaya na fi minti biyar a kansa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ina wasiƙun?"

Bai ɗaga murya ba, ni kuwa na shirya wa faɗa. Na tashi na jawo akwatin har gabansa, na buɗe, na fara zuba magana. Na ce da ido ɗaya ma ba zai samu ba in na biye masa, na ce mutanen nan da ya makance ba wanda zai ja masa sanda, na ce in laifi ne na ɗauka. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Kawo bik da takarda. Da ta ƙasa za mu fara, ita ta fi daɗewa."

Kwana uku muna amsawa. Shi ke karantawa yanzu, ni rubutu kawai. Kowace amsa da ban haƙuri take farawa, wai rashin lafiya ce ta hana shi, bai sa sunana a ko ɗaya ba. Babu kuɗin sawa a ciki, sai alkawari. A rana ta uku da la'asar ya buɗe wata 'yar takarda, ya karanta. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake karantawa. Sannan ya miƙo mini.

Daga wata tsohuwa ce a wani ƙauye bayan Kwaya, wani ya rubuta mata. Ba ta roƙi komai ba. Ta ce mijinta marigayi ya sayi damin iri a hannun mahaifinmu a kasuwar Guci, shekarar da aka ce za a kai ɗansa lakwal. Tun daga lokacin take shuka shi a 'yar gayaunarta ta bayan gida, nesa da gonar gandu, don tana son kununsa. Bana ƙafa ta hana ta, 'ya'yanta kuma sun ce su irin gwamnati suke shukawa. Saura tiya guda a gora. Ga ɗan ƙulli nan ya duba, in shi ne wanda yake nema, ya aiko a ɗauka kafin ruwa ya sauka.

A jikin ambulaf ɗin ga zare nan a tsinke.

"Ina ƙullin?" in ji shi.

Na ce, "Kaji."

Ya tashi ya zagaya bayan madafa, ya tsuguna yana duba ƙasa, wai ko wata ƙwaya ta tsira. Ni na share wurin nan da hannuna kowace safiya tun bazara.

Da sassafe muka shiga motar Kwaya, daga can muka hau amalanken jaki, don hanyar yashi ce. Gero ya fitar da kai ko'ina, dogo, kansa ɗaya kamar an auna. Mai amalanken da bai san wa ya ɗauko ba yana ta yabon irin, wai wani farfesa ne ɗan ƙasar nan ya ƙirƙiro shi. Yayana kuwa sai tambaya yake ko da saura, ko da saura.

Mun sami tsohuwar a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafa a kan buhu. Da aka gaya mata ko wane ne sai ta kama tafa hannu. Aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo. Da ƙyar yayana ya bari aka gama.

"Inna, saƙonki ne ya kawo ni. Geron nan."

"Ayya, ɗan nan," ta ce. "Ai na jira ka. Na jira har aka yi shuka, aka yi noman fari. Da na ji shiru sai na ce ba shi ba ne, ko kuwa babban mutum ya fi ƙarfin tiya guda. To ka san watan nan da ya wuce yadda yake, rumbu ya yi ƙasa, ga jikoki. Sai na ce a daka musu."

"Yaushe, Inna?"

Ta ƙirga da kasuwa. "Kasuwa uku ke nan."

Kasuwa uku. Lokacin muna Magarya, idonsa a buɗe, akwatin yana ƙarƙashin gadona. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya riga ni.

"Laifina ne, Inna. Wasiƙarki ta zo gidana, ni ne ban amsa ba."

Ya juyo ya dube ni da idon nan da na sha wahalar saya masa, kallo ɗaya, na rufe bakina. Da ya zage ni a gaban mutanen nan da ya fi mini sauƙi.

Ya roƙa a kawo masa gorar. Ya shimfiɗa farar rigarsa a cinya ya kife ta ya bubbuga. Toka ce ta zubo, wadda ake haɗawa da iri don ƙwari, sai ɗan gashin zangarniya guda biyu ko uku. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga shi a rana ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Shi ne." Ya tambaya ko ta taɓa ba wani a ƙauyen, ta ce ta sha bayarwa a da, amma wa ke shuka shi yanzu? Muka bi gida gida har azahar ta wuce, ba mu samu ba. Da za mu tafi ya ba ta abin da ke aljihunsa duka, ita kuma ta ce ya tafi da gorar tunda ya ƙi sakinta. Ni na biya mai amalanke.

Gorar tana kan teburinsa har yau. Na koma tasha na gaya wa direbobi su riƙa kai saƙo gida kamar da. Shi ke kwance ƙullinsa da kansa yanzu, shi ke karanta wasiƙunsa, na ƙauye da na waje, ni sai dai in ya gaji in danna masa amsa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Ni ce ban huta ba. Duk kasuwar Guci da na samu hali sai na je, in bi layin masu awo ina tsoma hannu a buhunan mutane ina neman baƙar ƙwaya, har sun san ni, suna cewa ga Hajiya mai duba ba ta saye. Wani lokaci in ce wa kaina da za a sake, zan sake ɓoyewa, mutum yana gani ai. Wani lokaci kuma in tuna sati shidan nan, sai in tashi in nemi abin wankewa.

Kayen kuwa bai karɓe shi daga hannuna ba. Washegarin dawowarmu daga Kwaya ya ce in rubuta abin da muka kashe a tafiyar, kuɗin mota da na amalanke da abin da ya ba tsohuwa. Na buɗe, na riƙe bik, na rasa layin da zan sa. Ba cefane ba ne, ba gona ba ne.

"Yaya, a mutanen gida zan sa?"

Yana juya gorar a hannunsa, bai ɗago ba.

"A'a," ya ce. "Koma shafin aikin ido, ki sa a ƙasansa. Duk kuɗin ido ne."

Na koma shafin. Na riga na ja layi na haɗa jimla tun a Yamai, sai da na soke ta na rubuta a ƙasa.